Yadda ake shirya kabon nanotub a ɗakin gwaji, a ɗora shi kan ilektirod don gano dalma a ruwa

Kabon nanotub siririn bututu ne da aka gina da atam ɗin kabon zalla, jere zobe-zobe masu kusurwa shida. Ka ɗauki tabarma ka naɗe ta har bakinta ya haɗu da ɗaya bakin, siffar ke nan. Akwai mai bango ɗaya, wanda faɗinsa yawanci nanomita 1 zuwa 2 ne. Akwai mai bango da yawa, bututu cikin bututu, da tazarar kusan nanomita 0.34 tsakanin bango da bango, faɗinsa kuwa yakan kai gomman nanomita. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, don haka ido ba ya ganin komai a kwalbar sai baƙar hoda marar nauyi.

Masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Radushkevich da Lukyanovich, sun buga hotunan irin waɗannan zaruruwa masu rami tun 1952, amma duniya ba ta waiwayo sosai ba sai 1991, da Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ya bayyana tsarin mai bango da yawa. A 1993 aka samu mai bango ɗaya, a wajen Iijima da kuma rukunin Donald Bethune na IBM. Tun daga nan masu bincike ke sa shi cikin roba don ƙara mata ƙarfi, cikin batir, cikin matatar ruwa, da kan na'urorin gano sinadarai. Wannan na ƙarshe shi ne aikin da ɗakin gwaji mai ƙaramin ƙarfi zai iya yi da kyau, kuma shi zan bi daki-daki: daga buɗe kwalba har zuwa auna dalma a ruwa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu. Hodar da ke cikin kwalbar ba nanotub kaɗai ba ce. Akwai ragowar ƙarfen da aka shuka bututan a kansa, akwai toka-tokar kabon marar tsari, sannan duk abin da kai ka zuba mata yana barin sawu. Sau da yawa sakamakon da ake jingina wa nanotub na waɗannan baƙin ne. Duk matakan da ke ƙasa an tsara su ne don ka iya rarrabewa.

Mataki na farko: san abin da ka saya

Yawancin nanotub na kasuwa ana yin sa ne ta hanyar CVD: a tura iskar gas mai kabon, kamar asetilin ko mitan, cikin tanderu mai zafin digiri 600 zuwa 1000 na Salshiyas, ta bi ta kan ƙananan ƙwayoyin baƙin ƙarfe, kobalt ko nikel, bututan su tsiro daga kansu. Ko a gida Nijeriya masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna sun yi ta yin sa haka, da baƙin ƙarfe da kobalt kan kalsiyam kabonet. Mai bango ɗaya kuma za ka ga sunaye irin HiPco, wanda ya fito daga Jami'ar Rice a Amurka kuma yana ɗauke da baƙin ƙarfe, ko CoMoCAT na Jami'ar Oklahoma mai kobalt da molibdinam. Sunan hanyar yana gaya maka ƙarfen da za ka yi fama da shi.

Don aikin ilektirod, wato sandar da ake tsomawa cikin ruwan gwaji lantarki ya bi ta kanta, mai bango da yawa ya ishe ka. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ya fi jure wanki da asid. Giram ɗaya zai kai ka ƙarshen digirinka, domin ilektirod ɗaya maikurogiram biyar kawai yake ci. Ka nemi takardar bayanin kayan daga mai sayarwa, ka rubuta faɗi, tsayi, lambar rukunin da aka yi, da abin da suke nufi da "tsarki kashi 95". Wasu suna nufin kashi 95 kabon ne, ba kashi 95 bututu ba, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Idan wani ya ba ka kyautar hoda a leda babu takarda, za ka iya koyon hannu da ita, amma kada ka gina kundin digiri a kanta.

Mataki na biyu: kare huhunka kafin ka buɗe murfi

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2008 masu bincike a Edinbara sun nuna cewa dogayen nanotub masu bango da yawa suna haddasa wa ɓeraye kumburi irin wanda asbestos ke yi. A 2014 hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa wani nau'i guda, MWCNT-7, cikin rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa ne ya jawo wa ɗan'adam kansa. Hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata kuma tun 2013 ta ba da shawarar kada iskar wurin aiki ta wuce maikurogiram 1 a kowace mita kubik a tsawon awa takwas. Ƙurar da ido ya iya gani ta riga ta zarce wannan da nisa.

Haɗarin yana wurin busasshiyar hoda, don haka dabarar ita ce ka jiƙa ta da wuri. Sa rigar aiki, tabarau, safar hannu, da takunkumi N95 ko P100 wanda ya kama fuska; takunkumin asibiti na yau da kullum ba ya wannan aiki. Kashe fanka, rufe taga. Shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda a ƙarƙashin wurin aiki. Auna ƙaramar kwalba mai murfi babu komai, kai ta cikin akwatin zuƙe hayaƙi, ɗebi hodar a hankali ka zuba, rufe, goge bayanta, sannan ka mayar kan ma'auni. Da haka kwalbar ba ta taɓa buɗewa a sarari ba. Ka rage ƙarfin iskar akwatin gwargwadon abin da ƙa'idarsa ta yarda, domin iska mai ƙarfi tana kwashe hodar daga cokali.

Lokacin hunturu sai an ƙara kula. Bushewar iska tana tara lantarkin goga a jikin roba, sai ka ga hodar tana tsalle daga cokali tana manne wa safar hannu. Yi amfani da cokalin ƙarfe da kwalbar gilashi. In ta zube, kada a share da tsintsiya, kada a hura; a goge da jiƙaƙƙen tsumma a ɗaure shi a leda.

Mataki na uku: duba hodar kafin ka taɓa ta da komai

Ware miligiram ashirin a ajiye yadda ta zo. Ita ce ma'aunin duk abin da zai biyo baya, kuma ɗalibai da yawa sai sun wanke kayansu kakaf sannan su tuna ba su bar na kwatance ba.

Gwaji biyu ne suka fi amfani. Na farko TGA: a ɗora miligiram biyar zuwa goma a na'ura, a ƙona cikin iska ana ƙara zafi digiri 5 ko 10 a minti har 900, ana auna nauyi. Kabon marar tsari yakan fara ƙonewa da wuri, wajen 300 zuwa 400. Nanotub mai bango da yawa yakan jira har 500 zuwa 650. Abin da ya rage bayan komai ya ƙone shi ne tsatsar ƙarfe, kuma launinsa ma labari ne: ja-ja alamar baƙin ƙarfe ce. In babu TGA a kusa, tanderun ɗakin gwaji da ƙoƙon ain da ma'auni mai kyau za su ba ka nauyin tokar, sai dai za ka buƙaci hoda da ɗan yawa don awon ya yi ma'ana.

Na biyu Raman, inda ake haska hodar da leza a auna hasken da ya warwatsu. A jadawalin za ka ga tudu biyu manya: D a wajen 1350, G a wajen 1580, a ma'aunin cm⁻¹. G na kyakkyawan tsarin kabon ne, D kuwa yana tashi da yawan lahani a bango. Raba tsayin D da na G ka rubuta. Lambar ita kaɗai ba ta cewa komai; amfaninta sai ka sake aunawa bayan wanki, da leza iri ɗaya, ka ga ko ta hau. Mai bango ɗaya yana da ƙarin ƙananan tuddai tsakanin 100 da 350, waɗanda ake lissafin faɗin bututu da su. Idan an sayar maka da hoda da sunan mai bango ɗaya kuma babu ko alamarsu, akwai tambaya.

Hoton TEM, wato na'urar ƙara girma mai aiki da ilektiron, yana da kyau in ka samu hali, domin nan ne za ka ga baƙaƙen ɗigon ƙarfe a cikin bututu da idonka. Amma hoto ɗaya ɗan lungu ne na samfurin, kada ya maye gurbin gwaje-gwajen biyu.

Mataki na huɗu: wanki

Wanki iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a kai ba. Ɗaya na cire ƙarfe ne, ɗaya na sauya fatar bututun.

Don cire ƙarfe, zuba miligiram 100 na hoda cikin mililita 100 na asid HCl mai ƙarfin mola 3 a lita, a bar maganaɗisu yana juyawa a zafin ɗaki ya kwana. In ruwan ya koma rawaya ko kore-kore, ƙarfe ne ke fita. HCl ba ya cin bangon kabon, shi ya sa na fi son a fara da shi. Sai dai ka sani, ƙwayar ƙarfen da kabon ya lulluɓe ruf asid ba ya kai gare ta. Wanki yana ragewa ne, ba ya ƙarewa, kuma maimaita TGA ne zai gaya maka nawa ya rage.

Na biyun shi ne ƙona fatar bututu da asid mai ƙarfi don rukunin COOH da OH su tsiro a bakinsa da wuraren lahani. Su ne ke sa bututun ya yarda da ruwa, kuma su ne hannayen da ke kama dalma. Sanannen haɗi shi ne asid salfurik kashi uku da naitirik kashi ɗaya, wanda rukunin Richard Smalley suka yi amfani da shi a 1998, su kuwa yanka bututan gajeru-gajeru suke son yi. Wannan ya ishe ka gane ƙarfinsa. Ɗalibin da ya bar hodarsa cikin wannan haɗi da zafi tsawon yini zai tashi da gutsattsarin kabon da ke warwatsuwa a ruwa da kyau, yana murna, alhali bututan sun tafi. Ga mai farawa, naitirik mola 3 da ake tafasawa ƙarƙashin kwandensa awa huɗu zuwa shida ya fi aminci ga mutum da ga kayan. Duk a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, domin jan hayaƙin da ke tashi guba ne. In dole sai haɗin uku da ɗaya, a zuba salfurik cikin naitirik kaɗan-kaɗan a cikin ƙanƙara, kada zafin aiki ya wuce 50, kada lokaci ya wuce awa biyu zuwa uku.

Bayan ya huce, zuba shi a hankali cikin ruwan sanyi mai yawa, kamar ninki goma. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Tace ta matatar robar PTFE mai ramin maikuromita 0.2 ko 0.45, irin wadda ke karɓar ruwa; nailan da selulos ba sa jure asid. Ci gaba da ɗauraye da tataccen ruwa har takardar pH ta nuna abin da ke ɗiga ya yi daidai da ruwan da kake zubawa. Wannan yana cin lita da dama da haƙuri mai yawa, kuma a nan aka fi yin ha'inci. Asid ɗin da ya rage zai biyo ka har kan ilektirod. Busar a digiri 60 zuwa 80 ya kwana, cikin kwano mai rufi. Ware kaɗan don Raman da TGA.

Mataki na biyar: damawa

Nanotub ba ya narkewa kamar gishiri. Bututan suna manne da juna dami-dami saboda jan da ke tsakanin fatunsu, kuma aikinka shi ne ka raba su da ƙarfin sauti, sannan ka sa abin da zai hana su komawa.

Don ilektirod, hanya mafi sauƙi ita ce damawa cikin ruwan sinadarin DMF. Miligiram 10 cikin mililita 10, wato miligiram ɗaya a kowace mililita. DMF yana ratsa fata yana taɓa hanta, kuma siririyar safar naitiril ba ta tare shi na dogon lokaci. Nemi ta butil, ko ka canza nan take in ya ɗiga. Mace mai juna biyu ta nisanci DMF da ɗan'uwansa NMP gaba ɗaya. Wanda ya ƙona fatar bututunsa da naitirik zai iya damawa da ruwa da itanol rabi da rabi, ya huta da wannan haɗari.

Rufe kwalbar, rataye ta cikin bahon na'urar girgiza da sauti yadda ba za ta taɓa gindi ba, ruwan baho daidai da ruwan kwalba. Ƙarfin girgizar ba ɗaya ba ne ko'ina a bahon. Ka gane wurin da ya fi ƙarfi ta hanyar tsoma falle ɗaya na takardar alminiyam na minti ɗaya: inda ta fi hujewa, nan ne. Sa alama, kullum nan za ka riƙa ajiyewa. Minti 30 zuwa 60 yakan isa. Ruwan baho yana ɗumama da kansa, a watannin Maris da Afrilu kuwa da ɗuminsa yake farawa, don haka sa ma'aunin zafi ka riƙa canza ruwa kada ya wuce 30. In an ɗauke wuta a tsakiya, rubuta mintin da aka yi ka ƙarasa ragowar in ta dawo, kada ka soma ƙirga daga farko.

Dalilin ƙirga mintin shi ne sautin da ke raba dami shi ne kuma ke karya bututu. Na'ura mai sanda da ake tsomawa kai tsaye ta fi baho ƙarfi sosai, tana gama aiki cikin minti goma, tana kuma gajarta bututan da sauri, har ƙurar taitaniyam daga bakin sandar kan zuba ciki. Ga yadda za ka san lokacin tsayawa: kowane minti goma ɗebi ɗigo, sirka shi ninki hamsin, auna a na'urar auna shan haske (UV-Vis) a nanomita 500. Lambar za ta yi ta hawa sannan ta tsaya cik. Inda ta tsaya, nan ne lokacinka. Duk abin da ka ƙara bayan nan ɓarna ce.

Idan aikinka na ruwa zalla ne, kamar gwajin ƙwayoyin halitta ko haɗa fim, sai ka sa sinadarin sabulu: SDS giram 1 cikin mililita 100, ko SDBS, ko sodiyam kolet. Kada ka sanyaya SDS da ƙanƙara fiye da kima, domin ƙasa da kusan digiri 16 yana fita daga ruwa ya yi fari-fari. Da SDS ɗin nan da juyi mai tsananin gudu ne masu bincike a Rice suka ware bututu ɗaiɗai a 2002 har suka ga mai bango ɗaya yana fitar da haske. Amma ga ilektirod ban ba da shawararsa ba, domin sabulun yana lulluɓe fatar da kake son dalma ta zauna a kai.

In akwai gudaji, juya a santirifuj, na'urar juyi mai kwantar da abu mai nauyi a gindi, minti 20, ka ɗebi kashi huɗu cikin biyar na sama. Rubuta ƙarfin juyin da g, wato ninkin ƙarfin jan ƙasa, domin ƙarfin da rpm (juyi a minti) ke bayarwa ya dogara da girman na'ura: 4000 rpm a hannu mai santimita 10 kusan g 1800 ne. Kuma tunda wani abu ya kwanta a gindi, abin da ka ɗeba bai kai miligiram ɗaya a mililita ba kuma. Busar da sanannen adadi ka auna. Kyakkyawan damu baƙi ne sumul, in ka karkata kwalba ba ka ganin tsaki a jikin gilashi, in ya kwana ba ya rabuwa.

Mataki na shida: gyara ilektirod da ɗora bututan

Ana amfani da ilektirod na gilashin kabon mai faɗin milimita 3, wanda filinsa 0.071 cm² ne. Goge shi kan ƙyallen gogewa da garin alumina mai maikuromita 0.3, sannan 0.05, kana zana lamba 8, ilektirod a tsaye ƙyam, minti biyu kowanne. Ɗauraye, girgiza shi minti ɗaya a itanol, minti ɗaya a ruwa. Ya fito yana sheƙi babu ƙarce.

Kafin ka ɗora komai, gwada shi tsirara. Haɗa fotasiyam ferisayanaid giram 0.165 da KCl giram 0.746 cikin mililita 100, wato ferisayanaid milimola 5 da KCl mola 0.1 a lita. Kada wannan ruwa ya haɗu da asid mai ƙarfi ko a kwalbar shara, domin yana iya sakin iskar sayanaid. Haɗa ilektirod uku a fotenshiyostat, na'urar da ke sarrafa boltej tana auna kwararar lantarki: naka, na Ag/AgCl, da wayar filatinam. Yi zagayen CV, wato kai boltej gaba a dawo da shi, daga −0.2 zuwa +0.6 V a gudun 100 mV a daƙiƙa. Lissafin Randles da Sevcik ya ce tudun kwararar lantarki zai kai kusan maikuro'amfiya 83. Tazarar tudu biyu a ƙa'ida 59 mV ce; a aikace 65 zuwa 85 abin karɓa ne. In ta haura 100, koma kan alumina. Wanda ya kwatanta nanotub da ilektirod mai dauɗa dole nanotub ya yi nasara, kuma nasarar ba ta da daraja.

Yanzu kafa ilektirod fuska sama. Girgiza damun minti biyar, ɗebi maikurolita 5 da fifet, ɗiga a tsakiyar baƙin da'irar kada ya malala kan farin gefen. Kife bika a kai saboda ƙura, bar shi ya bushe da kansa. Saurin busarwa da zafi yana tura bututan gefe su yi zobe, tsakiya ta zama fayau. In fim ɗin yana ɓarewa a ruwa, ƙara maikurolita 2 na Nafion (ruwan roba mai riƙe fim ɗin) kashi 0.5 cikin ɗari a kai. Joseph Wang da abokansa ne suka yaɗa haɗa Nafion da nanotub a 2003.

Maimaita CV. Za ka ga tuddan sun ƙaru, layin ya yi kauri. Kaurin na tara caji ne saboda fili ya ƙaru, ba shaidar saurin aiki ba ne. A nan ake yawan rubuta cewa nanotub ya "hanzarta" musayar lantarki, kuma a nan nake roƙon a yi hattara. Rukunin Richard Compton a Oksfod sun nuna cewa yawancin aikin yana faruwa ne a bakin bututu da wuraren lahani, kamar yadda gefen girafait na yau da kullum ke yi. Sun kuma nuna a 2006 cewa a gwajin sinadarin haidirazin ragowar baƙin ƙarfe ne ke aikin. Daga baya suka nuna cewa ruwan da ya maƙale cikin ramukan fim ɗin yana iya matso da tuddan kusa da juna ba tare da wani hanzari na gaskiya ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: canza gudu daga 10 zuwa 200 mV a daƙiƙa, zana log na tsayin tudu kan log na gudu. Gangaren 0.5 na nufin sinadarin daga cikin ruwa yake zuwa. In ya doshi 1, maƙalewa ce ko mannewa.

Saboda haka ka shirya ilektirod huɗu, ba ɗaya ba: tsirara, mai Nafion kaɗai, mai hodar da ba a wanke ba, da mai wankakkiya. In ka samu garin girafait ko baƙin kabon, ɗora shi a na biyar da nauyi iri ɗaya. Idan shi ma ya ba da abin da nanotub ya bayar, ka gano abu mai amfani ƙwarai, domin ya fi araha.

Mataki na bakwai: auna dalma

Ba sai an yi wa mutumin Zamfara bayanin dalilin wannan awo ba. A 2010 aka gano gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu, kuma abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Ƙaramar na'urar LeadCare da aka auna jinin yara da ita a ƙauyukan tana aiki ne da hanyar da za ka bi yanzu, ko da yake ba nanotub ke cikinta ba: a tara dalma kan ilektirod, a sake ta, a auna kwararar lantarkin da ta bayar.

Jiƙa duk kayan gilashi da roba cikin naitirik kashi 10 su kwana, ka ɗauraye. Dalmar da kake nema ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha maikurogiram 10 ce a lita. Zuba mililita 10 na ruwan asitet mola 0.1, pH 4.5, a tantanin gwaji. Daga kwalbar dalma ta 1000 mg/L ɗebi maikurolita 100 ka cika zuwa mililita 100, ka sami 1 mg/L. Kowane maikurolita 100 na wannan cikin tantanin yana ƙara kusan maikurogiram 10 a lita.

Fara da ruwan asitet zalla. Riƙe ilektirod a −1.2 V na daƙiƙa 120 maganaɗisu na juyawa, tsayar da juyi daƙiƙa 10, sannan ka haura daga −1.0 zuwa −0.2 V da salon SWV, wato hawan boltej taki-taki da bugu gaba da baya: bugu 25 a daƙiƙa (25 Hz), girma 25 mV, taki 5 mV. Dalma tana fitowa wajen −0.5 V, kadmiyam wajen −0.8. In ka ga tudu a −0.5 alhali ba ka zuba komai ba, ruwanka ko kwanonka ko sinadarinka na da dalma, kuma babu ci gaba sai an gano wanne. Tsakanin awo da awo riƙe a +0.3 V daƙiƙa 30 ana juyawa don fuskar ta wanku. Gudun maganaɗisu da wurin zaman ilektirod kada su canza, domin su ke ƙayyade yawan dalmar da ke isowa.

Ƙara dalma mataki-mataki, maikurogiram 5, 10, 20, 40, 60, 100 a lita, kowanne awo uku, ka zana layi. Ƙara bismut kamar maikurogiram 300 a lita yakan sa tudun ya yi tsini ya rabu da maƙwabtansa. Tun 2000 ake amfani da shi a madadin makuri mai guba. In ka sa shi, sa wa duk ilektirod ɗin kwatance ma. Don iyakar ganowa, wato mafi ƙarancin dalmar da za a iya gani, auna ruwa zalla sau goma, ninka karkatar awon (standard deviation) sau uku, raba da gangaren layi. Sannan ka tabbatar da idonka cewa a wannan adadin akwai tudu na gaske. Kuma ka gina ilektirod uku daban-daban daga gogewa har ɗigawa, domin awo goma kan ilektirod ɗaya bai nuna wani zai iya maimaita aikinka ba.

Ruwan rijiya ko na tafki ba ya ladabi irin na asitet. Ɗebo shi a wankakkiyar roba, sa naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, rubuta ko ka tace shi kafin asid ko ba ka tace ba, domin amsar tana canzawa. A ɗakin gwaji haɗa shi da asitet ka dawo da pH 4.5. Kada ka karanta shi kan layin da ka zana ɗazu: auna samfurin, ƙara sananniyar dalma sau uku cikinsa kana aunawa, ja layin baya har ya yanke gindin jadawali. Jan ƙarfe yana danne tudun dalma, ruɓaɓɓen ganye da sabulu suna toshe fuskar ilektirod, kuma wannan hanya ce ke rage cutarwarsu. Ƙasa da ƙura sai an narkar da su da asid tukuna. Raba kowane samfur biyu, kai rabi inda ake da na'urar auna ƙarafa irin AAS mai tanderun girafait ko ICP, domin AAS na harshen wuta ba ya ganin maikurogiram 10 a lita ba tare da an tattara samfurin ba. Kada a gaya wa mutanen gari ruwansu lafiya lau ne ko akasin haka da sakamakon ilektirod da ba a gwada da wata hanya ba.

Shara da ajiya

Ruwan da ke da dalma, ruwan asid, ruwan ferisayanaid da DMF, kowanne da kwalbarsa da rubutu a jiki, babu wanda ke bin kwata. Matata, safar hannu da tsumman da suka taɓa nanotub a ɗaure su da jiƙonsu cikin leda biyu. Damun DMF a ajiye shi a rufe nesa da haske da danshi, a rubuta ranar da aka dama, a girgiza minti biyar kafin kowane amfani. In ya fara tsaki a jikin gilashi bayan girgizar, a dama sabo. Fim ɗin kan ilektirod kuma a goge shi da jiƙaƙƙiyar takarda kafin a kai shi kan alumina, kada bututan su shiga ƙyallen gogewa su koma kan ilektirod ɗin da kake kira tsirara.